Gaskiya Ne, Alhaji

Litinin, 28 ga Afrilu, 1980, bayan la'asar

An ba ni aiki! To, in faɗi daidai, gwaji aka ɗauke ni, amma aiki ne, da tebur da kujera da katin shiga. Masaƙa ce a nan Amirka da ke sayar wa kamfanonin ɗinki na Montreal yadin jins. Mista Dalton, manajan sashen ciniki, ya kira ni ofishinsa ya ce ranar ashirin ga Mayu mutanen lardin Quebec na Kanada za su kaɗa ƙuri'ar raba gardama kan neman 'yancin kansu. Abu biyu yake so ya sani. In sun ware, ƙasar za ta iya riƙe kanta? Kuma masu sayen yadinmu za su ci gaba da saye? Ya ce in rahoton ya yi kyau, kujerar ta zama tawa.

Ni Isiyaku Badaru, wanda tawadar digirinsa ko gama bushewa ba ta yi ba, ake tambaya ko ƙasa za ta rayu!

Da na fito na bi Elm Street da ƙafa har na wuce tashar bas ban sani ba. Surajo, abokin zamana, ya ce da na shigo ya zaci caca na ci. Mutumin Maraɗi ne, yana karatun injiniya, kuma yana jin Faransanci kamar ruwa. Ya yarda zai riƙa fassara mini jaridunsu in na ɗauke masa wanke-wanke.

Montreal, birni mafi girma a Quebec, can ne Rumasa'u, 'yar Alhaji Uwaisu, take karatun haɗa magunguna. Ba don haka na yi murna ba. Na rubuta ne kawai saboda gaskiya ce.

Laraba, 30 ga Afrilu, da azahar

Tun safe ina laburare, ko yunwa ban ji ba. Abin da na tabbatar kawo yanzu: mutane miliyan shida da 'yan kai, kusan huɗu cikin biyar Faransanci ne harshensu. Suna da itatuwan takarda, jaridun Amirka da yawa a kan takardarsu ake bugawa. Suna da alminiyam. Babban abin shi ne ruwa: bara suka fara samun lantarki daga wata ƙatuwar madatsa can arewa, har za su sayar wa maƙwabta. Abin da ba su da shi man fetur, ga rashin aikin yi ya fi na lardin da ke kusa da su.

Wani abu kuma da mutane ba su lura da shi ba. Tambayar da ke kan takardar ƙuri'a ba ta ce a ware gobe ba. Izini gwamnatin lardin take nema ta zauna da sauran Kanada a tattauna, su ci gaba da kuɗi iri ɗaya da kasuwa ɗaya, in an daidaita a sake dawowa a tambayi mutane. Wato ko “i” ta ci, washegari ba abin da zai motsa sai baki.

Na karanta wa Surajo wannan sau biyu. Ya ce, “Na ji, mon ami. Kwanukan fa?”

Mutane za su yanke makomar ƙasarsu da fensir. Duk lokacin da na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Juma'a, 2 ga Mayu, da yamma

Bayan salla a ɗakin da muke aro a ginin ɗalibai, muka wuce gidan Alhaji Uwaisu a bayan High Point Road kamar kowace Juma'a. Alhaji babban jami'in dabbobi ne da gwamnatin Kaduna ta turo ƙaro karatu, kuma shi ne uban duk wani Bahaushe a garin nan. Matarsa Hajiya Daso ta yi tuwon farina, garin alkamar nan na Turawa, miyar kuɓewa. Mu shida a kwano ɗaya, ni a daman Alhaji.

A mota Surajo ya riga ya fara tsiyarsa. Ya ce, “Kai da kake ganin ka kusa zama surukin gida, muddin hannunka da na Alhaji suna karo a kwano ɗaya, ɗan gida ne kai kamar mu. Ran da aka ware maka kwano, ka zo mu yi magana.” Na ce ya kula da tuƙi.

Shi ne kuma ya tona ni a gaban mutane. “Alhaji, ka ga masani nan. Turawa sun ɗauke shi ya duba musu rabuwar Quebec.”

Alhaji ya tsaya da loma a hannu. Ya ce, “Rabuwa? Wace Quebec? Inda yarinyar nan take?”

Na fara bayani, ina jin daɗin kaina. Na kawo madatsa, na kawo takarda, ban kai ga tambayar ba ya katse ni.

“Malam Isiyaku, wani yanki ne yake so ya fita daga ƙasa?”

Na ce, “Kusan haka, Alhaji.”

“Harshensu daban da na sauran?”

“Daban.”

“Suna da arzikin da suke ganin nasu ne su kaɗai?”

“Suna da shi.”

Ya ajiye lomar. Ya ce, “Na san wannan. Duk inda aka fara haka, baƙo ne ke fara shan ta. Sai a rufe hanya, sai a tare tasha. Mai hankali yakan kwashe iyalinsa tun ana dariya.”

Ya dube ni, kowa ya dube ni. Dattijo ne, a gidansa, ina cin tuwonsa, kuma ina neman abin da nake nema. Na sunkuyar da kai na ce, “Gaskiya ne, Alhaji.”

Abin da na ce ke nan. Daga nan aka koma maganar tsadar naman rago.

Asabar, 3 ga Mayu, da safe

Ban ce za a yi wani abu ba. “Gaskiya ne” kawai na ce, yadda ake cewa.

Lahadi, 4 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Rumasa'u ta bugo. Ba ta taɓa bugowa da kanta ba, kullum a gidansu ake miƙa mini kan tarho mu gaisa Hajiya na tsaye. Da Surajo ya ce “Montreal ce” na tashi har na zubar da shayi.

Ba ta bari mun gama gaisuwa ba.

“Malam Isiyaku, kai ka gaya wa Baba za a yi yaƙi a nan?”

Na ce, “Ni? Wallahi ban ce ba.”

“Ya ce ya tambayi wanda Turawa da kansu suke tambaya, ya tabbatar masa. Ya ce in haɗa kaya in dawo kafin ranar.”

Na maimaita mata kalmomina ɗaya bayan ɗaya. Ta yi wata dariya da ba ta daɗi ba. Ta ce gobe take fara firaktikal a asibiti, kuma duk wanda ya tafi a tsakiya sai baɗi, ita kuwa sikolashif ɗinta a bana yake ƙarewa. Ba baɗi a wurinta.

Na tambaye ta yadda garin yake. Ta ce, “Mutane na maƙala batin a riga, wasu Oui, wato i, wasu Non, wato a'a, suna faɗa a layin burodi, in an zo kansu su saya su tafi. Matar da nake haya a gidanta Oui ce, mijinta Non, jiya tare suka je sinima. Wannan shi ne yaƙin naka.”

Na ce zan gyara.

Ta ce, “To masani.”

Ko da faɗa ne, mun yi magana mu biyu ba kowa a tsaye. Muryarta ta fi kauri a tarhon gidanmu.

Talata, 6 ga Mayu, lokacin hutun rana

Rahoto na tafiya kamar an sa masa taya. Na gano abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan maganar: fetur. Yanzu Kanada na sayar wa kanta mai a ƙasa da farashin duniya, Quebec na morewa. In ta ware, wannan rangwamen na iya tafiya. Amma lantarkin ruwa zai rage zafin abin shekara bayan shekara. Wato za ta rayu, sai dai ta ɗaure ciki da farko. Maɗinkan da ke sayen yadinmu kuwa, a sauran lardunan Kanada suke sayar da yawancin wandunansu, don haka su ne za su fi kowa son a bar kasuwa a buɗe. Da na haɗa wannan na buga tebur, sakatariya ta leƙo.

Ban je wurin Alhaji ba. Na shirya jimlar da zan fara da ita. Ta yi tsawo.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan la'asar

Na bi hanyar da ake bi: na je wurin Hajiya lokacin da na san Alhaji yana aji. Na same ta a kicin tana tuƙa dambun nama, tukunya babba, irin ta guzuri. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi bayani a hankali. Na ce ko za ta taimaka ta nuna wa Alhaji cewa ba haka nake nufi ba.

Ta ci gaba da juyawa. Can ta ce, “Isiyaku, ka san mun zauna Fatakwal?”

Na ce na taɓa ji.

“A sittin da shida. Akwai wani akawu maƙwabcinmu, mai ilimi, kullum da jarida. Alhaji ya tambaye shi, ya ce ba abin da zai faru, a bar yaro ya gama jarrabawa. Mu muka yi gaba da ƙanana.”

Ba ta ƙara ba. Ban tambaya ba. Akwai hoton wani yaro da kayan makaranta a kan talabijin ɗinsu, na sha ganinsa, ban taɓa jin an ambace shi ba.

Ta ce, “Ni ba zan iya ce masa a bar ta ba. Wancan karon ni ma na ce a bari.” Ta ɗebo dambu a cokali ta miƙo mini. “Ɗanɗana, gishiri ya ji?”

Ya ji.

Ina ɗan aji shida a Gusau a waccan shekarar. Na tuna jiragen ƙasa da suka riƙa zuwa, da waɗanda suka riƙa tafiya. Ba zan rubuta wannan a nan ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, da yamma

Na shiga da niyya. Alhaji ya riga ni. Muna zama ya dafa kafaɗata ya ce wa mutane, “Yaron nan Allah Ya yi masa albarka. Wani da ya ɓoye mini don kada hankalina ya tashi. Shi ya faɗa mini gaskiya.” Kowa ya ce amin. Ya tura mini tsokar da ta fi girma.

Na ci.

A mota Surajo bai yi tsiya ba. Da ma ya yi.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe biyar

Na miƙa rahoto! Mista Dalton ya karanta a gabana, yana ja da jan biro, ƙafarsa a kan tebur. Ya tsaya a wurin fetur ya ce bai taɓa tunanin wannan ba. Na riƙe kujera don kada in tashi sama.

Sai ya ce shi a ganinsa gara a kwashe yadin da ke sito a Montreal a mayar Toronto kafin ranar, ko da wani abu. Na ce masa a'a. Na ce kuskure ne, zai ɓata wa abokan ciniki rai a banza. Na ce tambayar izinin tattaunawa ce, ɓangarorin biyu sun yarda da akwatin ƙuri'a, babu soja a ciki, kuma ƙidayar ra'ayi ta nuna abin ya yi kusa amma ya fara karkata ga “a'a”. Na kuma faɗa masa cewa shekara goma da suka wuce wasu 'yan tsiraru sun yi ta'asa a can har aka fito da soja, don kada ya ce na ɓoye, amma jam'iyyar da ke neman 'yancin ta nesanta kanta da su tun lokacin. Ya ce, “Okay, na bi naka.”

Ina cikin bas ina murmushi ni kaɗai, sai abin ya faɗo mini. Mutumin da ke riƙe da aikina na dubi idonsa na ce ya yi kuskure, ko gumi ban yi ba.

Laraba, 14 ga Mayu, da magariba

Rumasa'u ta sake bugowa. Babu faɗa wannan karon, da ma akwai.

Alhaji ya yanke: ranar Asabar da asuba zai kama hanya, mil ɗari tara, ya tsaya a garin da ke bakin iyaka, ita ta fito da bas ta same shi. Ta gaya wa shugabarta a asibiti. Matar ta zaci wasa take yi.

Na ce, “Ki gaya masa abin da kike gani da idonki mana.”

Ta ce, “Na gaya masa. Ya ce Yaya Abdulhamid ma haka ya rubuto, wai gari lafiya.” Karo na farko ke nan da na ji sunan yaron hoton nan. “Ba zan saɓa wa Baba ba, Malam Isiyaku. In ya zo zan shiga mota. Shekara huɗu ne, ba rai ba ne. Amma ba maganata ya ɗauka ba, taka ya ɗauka. Kai kaɗai za ka iya karɓo ta.”

Na ce, “Da wane baki?”

Ta ce, “Da wanda ka ci tsoka.”

Wato har wannan an kai mata. Surajo ya rantse ba shi ba ne.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

In na yi shiru, ta rasa karatunta, ni kuma in ci gaba da zama yaron kirki. In na yi magana, na zama akawun Fatakwal. Na sake duba alƙalumana duka. Daidai suke. Nasa ma wataƙila daidai suke a ranar da ya faɗa.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan magariba

Sai na rubuta tun ban manta yadda aka yi ba.

Ban yi magana a kan kwano ba, ba a gaban mutane ba. Na jira kowa ya watse, na ce wa Surajo ya tafi zan hau bas. Na sami Alhaji a bakin gareji yana loda doguwar motarsa. Barguna, jarkokin ruwa, jarkar fetur, tocila, dambun Hajiya, har da buhun shinkafa ƙarami. Ba kayan mai zuwa ɗauko ɗaliba ba ne.

Na cire takalmi na durƙusa a kan simintin. Baturen da ke maƙwabtaka da su yana ba ciyawa ruwa, ya tsaya yana kallo har ruwan ya koma kan takalminsa.

Na ce, “Alhaji, na zo neman gafara. Ranar da kuka tambaye ni, kunya ce ta amsa muku, ba ilimi ba.”

Ya ce, “Tashi.”

Ban tashi ba. Na faɗa masa duk abin da na faɗa wa Mista Dalton, ban rage ba, har da na sojan shekara goma da suka wuce. Na ce a iya abin da na bincika, ranar Laraba za a buɗe asibiti kamar kullum, kuma in an ɗauko ta, karatunta ya tafi.

Ya daɗe yana ɗaure wata igiya da ta riga ta ɗauru. Sannan ya ce, “Wani mai ilimi ya taɓa faɗa mini haka.”

Na ce, “Na sani, Alhaji.”

“Ka sani.” Ya juyo. “To kai me ka fi shi?”

Ba ni da wannan a cikin jimlolin da na shirya. Na ce, “Ban fi shi komai ba. Ban san gaibu ba. Abin da na sani, can an riga an fara zubar da jini kafin a tambaye shi, nan kuwa takarda ake bugawa. Kuma shi da ya faɗa ya koma gidansa. Ni ba inda za ni. Ku bar kayan a mota. Ranar Talata ina nan tare da ku tun rana. In kuka ji abu ɗaya da bai kwanta muku ba, ko ni ban yarda ba, ni zan tuƙa, ba zan ce uffan ba.”

Ya ce, “Ka iya doguwar tafiya?”

Na ce, “Ban taɓa wuce Raleigh da ke nan kusa ba.”

Wani sauti ya fito masa ta hanci, ban sani ba ko dariya ce. Ya rufe but ɗin motar. Ya ce, “Makonni biyu kana kallona ina sayen barguna.” Ya shige gida bai ce mini sai da safe ba.

Na sa takalmi a hagunce, sai a tashar bas na lura.

Asabar, 17 ga Mayu, da hantsi

Surajo ya zaga ta layin su Alhaji. Motar na nan! Motar na nan!

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Ranar da na fi bukatar duniya ta zauna lafiya, wani dutse ya yi aman wuta a yammacin ƙasar nan, Miami kuma tana ci da wuta saboda hukuncin wata kotu. Talabijin ba abin da yake nunawa sai hayaƙi.

Alhaji ya bugo, babu sallama mai tsawo. “Kana gani?”

Na ce, “Ina gani, Alhaji.”

“Ƙasar Turawa ce wannan ma.”

Bakina ya riga ya buɗe da kalmomin nan biyu. Na ji su a kan harshena. Na haɗiye. Na ce, “Haka ne ana ƙone-ƙone a Miami. Amma Miami ta fi kusa da mu nan fiye da inda take. In gudu za a yi, mu ya kamata mu je wurinta.”

Na ji Hajiya daga nesa tana tambaya me ya ce. Ya maimaita mata. Na ji ta yi dariya, gajeriya, kamar ta kuɓuce mata. Ya ajiye.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Yau ce! Mutum sama da miliyan huɗu ke da rajista. Na ɗauki izinin rabin rana. Na sa batir sabo a rediyon Surajo mai gajeren zango. Na duba taswirar hanya, ko da. Ban iya karyawa ba.

Laraba, 21 ga Mayu, da hantsi

A'a ta ci, kusan sittin cikin ɗari. I ta sami arba'in da ɗan ɗori. Fiye da takwas cikin goma na masu rajista sun fito. Na ce za a yi kusa, ba a yi kusa sosai ba, wannan kuskurena ne kuma zan faɗa wa Mista Dalton da kaina.

Jiya tun azahar muna falon Alhaji, ni da shi da Surajo da rediyo. Makullin mota na kan tebur a tsakaninmu. Bai yi mini magana ba sai ta hannun Surajo: “Tambayi masanin ko an rufe rumfunan zaɓe.” Bayan magariba sakamako ya fara fitowa, Surajo na fassarawa yana daga tsugune, kunnensa a jikin rediyo. Da aka sa jawabin jagoran waɗanda suka faɗi, sai muka ji taron ya ɓarke da waƙa. Alhaji ya kai hannu kan makulli.

“Me suke cewa?”

Surajo ya saurara. “Waƙa ce kawai, Alhaji. Irin ta ƙauna. Shi kuma ya ce musu sun faɗi, a karɓa.”

Hannun bai sauka daga makullin ba. A falon na kwana bisa kujera.

Da sassafe Rumasa'u ta bugo daga tarhon asibiti. Alhaji ya ɗauka, amma ya karkata kan yadda ni da Hajiya za mu ji.

“Kina ina?”

“Wurin aiki, Baba. Da bas na zo.”

“Bas na tafiya?”

“Har ya makara, kamar kullum.”

Ta ce wasu samari sun yi maci a tsakiyar gari an fasa 'yan gilasai, 'yan sanda sun kore su. Na ji daɗi da ba ta ɓoye ba.

Alhaji ya ce, “Waɗanda aka kayar fa, ina suke?”

“Suna gida, Baba. Matar gidanmu tun jiya take kuka.”

“Mijin fa? Ba shi ne na ɗaya ɓangaren ba?”

“Shi ya dafa mata kofi.”

“Kuka kawai?”

“Kuka kawai, Baba.”

Ya miƙa wa Hajiya tarhon. Ya tsaya gaban talabijin, a kashe yake, ba shi yake kallo ba. Ya daɗe a nan. Ni na fita waje na ba su wuri.

Can ya fito da makulli ya jefo mini. Ya ce, “Sauke kayan nan, shinkafar za ta yi zafi.”

Alhamis, 22 ga Mayu, lokacin hutun rana

Kujerar ta zama tawa. Mista Dalton ya ce in fara duba Meziko. Na yi murna, wallahi na yi. Amma Alhaji bai bugo ba, kuma gobe Juma'a.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan la'asar

Mun je kamar kullum. Alhaji ya amsa gaisuwata a taƙaice, bai dube ni ba. Aka shimfiɗa leda, aka kawo kwano, kowa ya wanke hannu. Na matsa wurina na daman Alhaji.

Sai Hajiya ta leƙo daga ƙofa. Ba ta kira sunana ba. Ta ce, “Surajo, gaya wa abokinka nasa yana ɗakin baya.”

Alhaji yana ta gyara hularsa kamar yau ya fara sa ta. Surajo ya cusa hannun riga a baki, kafaɗunsa na rawa. Na tashi na bi bango, na yi tuntuɓe da takalman mutane.

A ɗakin baya an shimfiɗa darduma, ga tuwo a kwano mai murfi, ga ruwa a kofin gilashi, ga ɗan dambun guzurin nan a faranti. Ta bango ina jin Alhaji yana tambayar Surajo ko kawuna na Gusau yana da tarho, ko sai an rubuta.

Yana da shi. Na cinye tuwon tas, ni kaɗai.